Tsohuwa Ta Kife

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafafun Yaya suna nan yadda kika bar su, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado, amma bakinta ƙalau yake, tun safe take ba ni umarni. Ni kuma kunne ya ƙara nauyi. Shekara talatin da ɗaya a ɗakin injin tura ruwa ba wasa ba ne. Shi ya sa na jefa wayar da ɗana Manaja ya saya mini cikin durowa. In an kira ni sai in yi ta "to, to" ban san abin da nake amincewa da shi ba. Takarda ba ta yi mini haka.

Kada ki ce me ya sa Kawu ya tsallake 'ya'yan cikinsa ya rubuto wa jikar ƙanen mahaifiyarsa. Duk danginmu ke kaɗai ce ke karatun likitan dabbobi, ni kuma ina da mara lafiya a gida.

Kin tuna akwatin gilashin da ke falonmu, gefen taga? Jajayen kifayen adon nan guda uku a ofishin shugabanmu suke a da. Da za a tashi daga ginin aka ce a juye su a kwata, na ce ba a gabana ba, na ɗauko su a bokiti. Shekara tara ke nan. Babbar cikinsu, mai zagayayyen ciki da wutsiya biyu, Yaya ce ta raɗa mata suna. Ta ce, "Ga tumbi, ga ɗaure fuska, ga son a yi mata hidima, wannan ai ni ce." Kin san duk dangi Tsohuwa kuke ce wa Yaya, ni kaɗai nake kiranta Yaya. To ta ɗauki sunan nata ta ba kifin. Yanzu Tsohuwa biyu gare ni, ta kan kujera da ta cikin ruwa.

Ta cikin ruwan ce ba ta da lafiya. Sati biyu ke nan, da ta ci abinci sai wutsiyarta ta ɗaga sama, kanta ya yi ƙasa. Ta yi ta fama ta nutsa, da ta saki jiki sai ruwa ya cillo ta sama kamar murfin gora. Zuwa yamma takan ɗan daidaita. Ba laifin ruwa ba ne, ni ba za a koya mini ruwa ba. Sai na famfo ya kwana a buɗe maganinsa ya fita kafin in zuba musu, kuma duk sati nake canza kashi ɗaya cikin uku.

Na je wurin mai shagon kifi, ya ce in zubar da ita in sayi sabuwa, wai gara ma sababbin, sun fi ja. Na tambaye shi ko haka yake yi wa na gidansa in sun tsufa. Bai ji daɗi ba, ni ma ban je don ya ji daɗi ba.

Ki duba littattafanku ki gaya mini abin yi. Yaya tana gaishe ki.

Kawunki

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta leƙo, ta ce an tura ku wata gonar shanu aikin gwaji na wata biyu, ita ta ba ni wannan adireshin. Sati uku ina jiran amsarki shiru. A gaggauce nake rubutu don mai kai wasiƙu ya kusa wucewa.

Jikin Tsohuwa ya rikice. Ran Talata na tashi na tarar ta kife gaba ɗaya, ta kasa juyowa. Cikinta ya kumbura, gefe ɗaya ya fara ja kamar zai yi gyambo. Wani ya ce a hana ta abinci, to na hana ta, yau kwana uku ke nan ko ƙwaya ban ba ta ba. Tana ganina sai ta yi ta buɗe baki, in kau da kai. Na rage mata ruwa zuwa rabi, na kuma ware ta ita kaɗai. Maƙwabcinmu ya ce shekaru ne, in taimaka mata ta huta kawai. Na ce ba zan yi ba tukuna.

Ban gaya wa Manaja ba, kin san halinsa, zai ce ina ɓata lokaci a kan abin da ya riga ya ƙare. Ki amsa mini da wuri.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ni lafiyata ƙalau. Yanzu na karanta takardarka. Ban san wace amsa kake jira ba, wannan ce wasiƙarka ta farko da ta same ni.

Kawu, don girman Allah, wa ya ce maka a hana Tsohuwa abinci? Mace mai shekara tamanin da wani abu, mai shan maganin hawan jini, kwana uku ba ci, kuma ka rage mata ruwan sha? Ta faɗi ta kasa juyowa, ciki ya kumbura, ka rufe ta a ɗaki ita kaɗai? Shi kuma maƙwabcin da ya ce ka taimaka mata ta huta, wane irin mutum ne? Har kana cewa "tukuna"! Ni likitan dabbobi nake karanta, wannan aikin asibiti ne, kuma na yau ne, ba na gobe ba.

Na kira wayarka sau tara tana kashe. Wasiƙar ta kwana biyar a hanya, na ƙirga kwanakin sai da na zauna a ƙasa. Nan gonar ba a samun layi sai an hau tudun da ke bayan rumbun ciyawa. Na hau, na kira Manaja, na karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa. Ka ce ba ka gaya masa ba, na sani. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, ba zan yi shiru a kan ran mutum ba. Ya ce zai kama hanya nan take.

Ina roƙon Allah ya sa ya iske ta da rai. Kai ma, Kawu, ka bari a duba ka. Mutumin da na sani ba zai yi wannan da hankalinsa ba.

'Yarka

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa wajibi ce, na gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita. Ta gida kuwa kin rushe ta.

KIFI ne. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki gani. Tsohuwar da ta kife kifi ce, na yi miki bayani dalla-dalla a wasiƙar da na aika makarantarku tun watan jiya.

Bari in gaya miki abin da kiranki ya haifar. Ran Asabar da hantsi ina durƙushe ina zuƙe ƙazantar gindin akwatin da tiyo, Yaya tana kan kujerarta tana cin ayaba, sai ga Manaja ya buɗe ƙofa da makullinsa, matarsa a baya, da wasu ƙarti biyu riƙe da gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya yi kan Yaya yana taɓa mata ciki. Ta make hannunsa ta ce, "Kai, lafiya? Cikin nawa ne ya ɓata maka?" Ya ce, "Baba ya hana ki abinci kwana nawa?" Ta ɗaga ɓawon ayaba ta ce, "Wannan ta uku ce."

Na nuna masa bahon roba da na ware kifin a ciki. Na ce ga Tsohuwar da ake magana. Na ɗauka zai yi dariya mu wuce wurin. Bai yi ba. Ya tsaya yana kallon kifin a kife, ya kalli bokitan ruwa shida da na jera a baranda, ya kalli matarsa. Kallon nan na san shi. Shekara biyu yana so mu bar gidan nan mu koma nasa, ni ina ƙi, bai taɓa samun hujja ba sai ranar.

Ya ce mutumin da zai zauna ya rubuta wasiƙa a kan kifi kamar ɗan Adam, har ya tayar da hankalin dangi, bai kamata a bar masa tsohuwa mara ƙafa ba. Ya ce tun da mota ta riga ta zo, a kai ta a duba. Yaya ta riƙe hannun kujera, ta zage su tas, har da ƙartin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Duk da haka suka ɗauke ta. Asibiti sun ce ba abin da ke damunta sai wanda aka sani. Amma bai dawo da ita ba, gidansa ya wuce da ita, ya sa ta a ɗakin sama. Ni kuma ya ba ni wata guda in haɗa kaya, kuma ya karɓo mini ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa Yaya, ina ƙirga mata ƙwayoyin magani, ina yanke mata farce. Ba wanda ya taɓa hawa tudu ya kira kowa don ya yaba mini. Takarda ɗaya ta sa na zama mahaukaci, har ke kina cewa a duba ni.

Ba inda za ni. Ko cokali ban sa a kwali ba, kuma ba zan sa ba.

Kifin da na tambaye ki a kansa, in har yanzu akwai mai sha'awar ji, tana nan da rai, a kife.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai laifi. Yaya jikinka, yaya kaɗaici? Wata ƙawata ta zo daga makaranta jiya ta kawo mini wasiƙun da suka taru, taka ta farko tana ciki. Na karanta ta a tsaye a bakin garke, na kai wurin "Tsohuwa biyu gare ni", sai na rasa inda zan sa kaina.

Na yi kuskure wajen fahimta, kuma maganar da na yi a kan hankalinka na janye ta, ka yafe mini. Amma Kawu, ba zan yi maka ƙarya ba: da yau aka sake miƙo mini takarda ta biyun nan ita kaɗai, da na sake hawa tudun. Ka karanta ta da kanka, ko sau ɗaya kalmar kifi ba ta fito ba. Abin da Manaja ya yi da kirana shi ne ban yarda da shi ba, kuma na faɗa masa. Na karanta masa wasiƙar farko. Ya ce wannan ba ta canza komai ba. Na ce ta canza, tun da hujjarsa daga bakina ta fito, ni kuma na ƙwace abata.

Yanzu ga maganar mara lafiyarka. Kifi yana da wata 'yar jakar iska a cikinsa, da ita yake daidaita kansa a ruwa. Irin masu zagayayyen cikin nan komai nasu a matse yake, da hanji ya cushe sai ya danne jakar. Busasshen abincin da ke yawo a saman ruwa yana ƙara abin, don tana haɗiyar iska tare da shi, kuma yana kumbura bayan ta ci. Hana ta abinci na kwana uku daidai ne, rage zurfin ruwan ma daidai ne. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma kada ka wuce haka.

Ka samo koren wake, ɗan mulmulallen nan. Ka dafa ya yi laushi ba gishiri, ka ɓare fatar, ka murƙushe rabin ƙwaya ka ba ta sau ɗaya a rana. In ba ta iya kamawa, ka riƙe mata da yatsa a ƙarƙashin ruwa. Bayan kwana huɗu ka koma abincinta, amma wanda ke nutsewa, ka jiƙa shi tukuna, kaɗan kaɗan. Kada ruwan ya yi sanyi, ka janye bahon daga taga. Ka rage ƙarfin famfon iska don kada ya riƙa wujijjiga ta. Jan da ka gani a cikinta iska ce ke busar da fatar da ta fito waje, dole a san yadda za a yi wurin ya zauna a jiƙe.

Ka rubuto mini ko tana kashi, da launinsa. Na san ba maganar wasiƙa ba ce, amma a aikinmu da ita ake farawa.

'Yarka

Zuwa ga Likita,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na kuma yafe. Na sake karanta abin da na rubuta a kwafin da nake ajiyewa, na ga gaskiyarki. Ban ce Manaja yana da gaskiya ba, ke na ce.

Koren wake ya yi aiki rabi. Ranar farko ta kasa kamawa, na naɗe hannun riga na tallafe ta da tafin hannu na juyo ta, ta tsotsa daga yatsana. Rana ta uku ta yi kashi, dogo, kore, tun da kin tambaya. Kumburin ya ragu. Maganar bushewar fata kuma, na yanko tsohon gidan sauro na ɗaura a kan zoben tiyo, na saƙale shi ɗan ƙasa da saman ruwa. In ta taso sai ragar ta tare ta a hankali, cikinta ba ya fita iska. Jan ya fara dushewa. Amma ba ta miƙe ba, Likita. Ta bar kifewa, ta koma kwanciya a gefe ɗaya.

Ta kan kujerar ce ta fi damuna yanzu. Na je ganinta sau biyu, mota biyu ake hawa. Ɗakin da suka sa ta yana da kyau, da labule da na'urar sanyi, tagar kuma bango take kallo. Ba mai iya sauko da ita sai Manaja ya dawo aiki. Matarsa ba muguwa ba ce, tana iya ƙoƙarinta, amma Yaya ta ɗaure baki. An kawo abinci ta ture. Ta ce, "An ce ƙanena yana hana ni ci. To ku gani da idonku yadda rashin cin yake." Na ce Yaya ki bari, kina shan magani. Ta ce in kula da kifina in bar ta da yaƙinta. Shayi kawai take karɓa, shi ma sai ta ga dama. Ta rame.

Manaja ya ce ni nake zuga ta. A bakin ƙofa ya tare ni, ya ɗaga murya don in ji, har maƙwabtansa suka ji. Ya ce, "Baba, in ta faɗi a banɗaki kai za ka ɗaga ta?" Na raɓa shi na wuce. Ke zan gaya wa: watanni uku da suka wuce ta zame, sai da na yi kusan rabin awa kafin in tashe ta, bayana bai koma daidai ba har yau. Wannan tsakanina da ke ne.

Ranar likitan ƙwaƙwalwa Laraba ce ta sama. Manaja yana zaton zan ƙi zuwa, ya samu abin faɗa. Zan je, da ƙafata, kuma zan riga shi isa.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jinya biyu. Mun kusa gama aikin gona, hannuwana duk sun faffashe, amma lafiya lau.

Ragar da ka yi na zana ta na nuna wa malaminmu, ya ce zai gwada. Sai dai ya ce in gaya maka gaskiya: kifin da ya haura shekara tara, ya yi wata biyu a haka, mai yiwuwa jakar iskar ta lalace ne, ba za ta sake miƙewa ba. In ka ga ta daina ci, ko gyambo ya buɗe, akwai hanyar da ake sa su barci da man kanumfari ba tare da wahala ba. Ban ce ka yi ba. Na faɗa ne don ya zama ka sani.

Manaja ya turo wa dangi takarda, wai kowa ya sa hannu a kan cewa zamanku ku biyu ba ya yiwuwa. Mahaifiyata ta ce in sa, kada a ce yarinya ta fi manya sani. Na ƙi. Na rubuta a ƙasan takardar cewa kuskurena ne ya jawo maganar, kuma ba zan sa hannu a kan kuskurena ba. Yanzu ba ta yi mini magana sosai, za ta huce.

Sirrinka yana wurina, ba zan hau tudu da shi ba. Amma Kawu, tambayar da Manaja ya yi maka a bakin ƙofa tambaya ce ta gaske, ko da bakin da ya yi ta ya ɓata maka rai. Kai ka gaya masa zancen faɗuwar, da bakinka, kafin wata ta sake faruwa. Ƙin barin gida daban, ƙin karɓar taimako daban.

'Yarka

Zuwa ga 'yata Likita,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma makaranta lafiya. Na yi jinkirin amsa, abubuwa ne suka yi yawa. Mu biyu muna gaishe ki. Mu biyu na ce, ki lura.

Na je wurin likitan. Wata mata ce mai haƙuri, ta gane ba na ji sai ta riƙa rubuta mini tambayoyin. Ta ce in zana agogo, na zana. Ta ba ni kalmomi biyar in riƙe, na riƙe. Ta ce in lissafa magungunan Yaya, na ba ta har da awoyin shansu da wanda ba a haɗawa da madara. Sannan ta tambayi labarin kifin. Na ba ta tun daga bokiti har raga. Manaja yana gefe yana jijjiga ƙafa. Da na gama ta rubuta a takarda ta tura masa gabansa: ƙwaƙwalwa lafiya, kunne ne ke buƙatar na'ura.

Muka fito muka shiga motarsa. Sai da muka tsaya a ƙofar gidansa na ce ya kashe injin. Na gaya masa zancen faɗuwar Yaya da bayana. Na ce, "Tambayarka ta ranar nan, amsarta a'a ce, ba zan iya ɗaga ta ba. Amma wanda bai iya ɗaga mutum ba hannu ake ƙara masa, ba a ƙwace masa gida." Ya kifa kansa a kan sitiyari ya daɗe. Da ya ɗago ya ce tun ranar da kika kira shi bai yi barcin kirki ba, duk hanyar nan yana tuƙi yana ganin gawa. Ban taɓa tunanin wannan ba, na faɗa masa ban taɓa ba.

Ban ce mun shirya gaba ɗaya ba. Ya so Yaya ta ƙara sati biyu a wurinsa. Ita ta yanke maganar. Ta sa aka kira shi sama, ta ce, "Ko ka sauko da ni yau, ko in sauko da kaina da gindi, matakala ɗaya ɗaya, maƙwabtanka suna kallo." Ta fara zamowa daga gadon kuwa. A bayansa ya goyo ta har mota.

Yanzu akwai wata mata mai aikin jinya da ke zuwa kullum da safe, ta yi wa Yaya wanka ta tafi. An kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Na'urar kunne na karɓa, tana sa ni jin ƙarar cokali kamar ana rushe gini, ina sawa in baƙi sun zo. Waɗannan na yarda da su. Zancen tashi kuwa na ce kada a sake kawo mini shi, takardar dangi ma na ce a kawo mini in gani, har yau ba wanda ya kawo.

Kifin ba ta miƙe ba, malaminku ya yi gaskiya. A karkace take iyo, kamar mai leƙen ƙarƙashin gado. Amma jan cikinta ya warke, na mayar da ita cikin 'yan'uwanta da ragarta, kuma da ta ga hannuna sai ta taho a karkacen ta ci. Man kanumfari na gode da bayaninsa, ban saya ba. Ran da ta daina zuwa hannuna zan sake karanta takardarki. Kafin nan ba mai taɓa ta. Yaya ta ce ko da ranar ta zo sai an nemi izininta, tun da sunanta ne a kai.

Ki gaya wa mahaifiyarki ta daina fushi da ke, zan rubuta mata da kaina.

Abu na ƙarshe. Na canza kwaɗon ƙofa. Manaja ya zo ran Lahadi ya sa makullinsa ya ƙi shiga, ya tsaya yana ƙwanƙwasawa kamar kowa. Yaya ta bar shi ya yi sau uku kafin ta yi mini alama in buɗe. Ke ma in kin zo hutu ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, ki faɗi ko ke wace ce. Ni ba lallai in ji ba, amma ita tana ji, kuma ita ke yanke wanda za a buɗe wa.

Kawunki